Kafin Baƙon Ruwa Ya Iso

Wara, ƙasar Ngaski
Litinin, 15 ga Yuli, 1968

Zuwa ga jikana kuma abokina, Jabiru,

Yau Litinin. Na tashi da sauƙi, tarin ya bar ni na yi sallar asuba a tsaye, abin da rabona da shi tun farkon damina. Ƙafafu dai suna nan a kumbure, hannun dama kuma yana rawa kamar ba nawa ba. In ka ga rubutu ya karkace, kada ka yi wa malamin da ya koya maka riƙon alƙalami dariya. Ina fatan kana lafiya, kuma abincin mutanen can bai lalata maka ciki ba.

Ka ga adireshi ya sake. An tashe mu daga Gungun Dudu saboda dam ɗin Kainji, yau sati uku. An ba ni ɗaki na siminti mai rufi kamar bayan kunkuru. Da rana ba ya zaunuwa. Mutanen gungu an warwatsa mu, wasu Yelwa, wasu ƙetare. Maliki, wanda kuka yi wasan ruwa tare, shi ya ɗauko ni da akwatin littattafaina a kwalekwalensa. Matarsa Hansatu ke kawo mini tuwo. Ban da su biyun nan, sai in wuni ban ji sallamar kowa ba.

Hoton da ka aiko ya iso. Na nuna wa Hansatu, ta ce, "Malam, me ya sami yaron ga ya kifa ƙwarya a ka?" Na ce hular aiki ce. Ta ce, "To kafaɗun fa, kumburi ne?" Shekara bakwai ke nan da gwamnati ta tura ka karatun injiniya, ka gama, sai ga ka kana cin abinci da tsere. Ka ce tamaula ce, amma da hannu ake yi. Ka yi mini bayani yadda tsoho zai gane, don in an tambaye ni a masallaci in daina cewa "yana nan dai yana aiki".

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Innarka Tamada, wadda ta haife ka, ɗiyar wana ce, amma a hannuna ta tashi, kuma a gabana ta cika, yau shekara uku. Akwai maganar da ban taɓa rubuta maka ba, don na ɗauka za ka dawo in faɗa maka da baki. Kwana biyu kafin ta rasu ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Baba, in ya dawo ka kai shi ya tsaya a kaina, ko sau ɗaya ne. Kada ka yi masa kwatance. Ka kai shi da ƙafarka." Na ce to.

Tana kwance a gangaren tudun gungu, kusa da doguwar giginyar nan. Ka san maƙabartarmu, ba dutse ba suna. Mutum biyun da suka haƙa kabarin, ɗaya ya rasu, ɗaya ya bi tashin nan ban san inda ya faɗa ba. Ni kaɗai na rage da na san wurin.

Ka zo, Jabiru. Ka zo kafin baƙon ruwa ya iso.

Akwai sauran magana, amma hannu ya ƙi. Allah ya tsare ka.

Kakanka,
Shu'aibu


Sansanin horo, Amirka
Lahadi, 11 ga Agusta, 1968

Zuwa ga Kaka Shu'aibu,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗin jin tarin ya lafa. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan yatsa guda da ya goce aka mayar. Rubutunka kuwa, abokina, na sha wuya da shi. Da ni na yi irinsa a ajinka, da na sha rula a bayan hannu. Ka gai da Maliki, ka ce wa Hansatu ƙwaryar ce ta hana kaina fashewa, kafaɗun kuma ciko ne.

Ga bayanin aikin. Ƙwallon ba zagayayye ba ne, kamar gwanda yake. Mutum sha ɗaya nan, sha ɗaya can. Akwai mai jefawa, akwai masu cafewa. Ni mai cafewa ne, a can gefen fili nake tsayawa ni kaɗai. Kafin a fara, mai jefawa zai raɗa mana hanyar da kowa zai bi. Tawa, misali: taku goma sha biyu gaba, in karya dama. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, yana sakin ƙwallon tun ban waiwaya ba. Ba ni yake jefa wa ba, wani wuri yake jefawa a fili, inda babu kowa. Aikina in isa wurin nan da babu komai a kan lokaci, in miƙa hannu. In na ƙidaya daidai, sai in ji shi a tafina. In na ƙara taku ɗaya ko na rage, ya wuce, mutum dubu hamsin suna kallo. Kuma duk wannan, wani ƙato yana bayana yana neman ya kayar da ni. Ka faɗa musu haka a masallaci.

Maganar Inna ta hana ni cin abinci ranar da na karanta. Me ya sa ka riƙe ta shekara uku, Kaka? Na san ban zo jana'iza ba, kuma ban zo bayanta ba. Kowace shekara ina cewa in an tashi wasa, sai wani abu ya gitta. Bana ba abin da zai gitta.

Ka ce in zo kafin baƙin ruwa ya iso. Na gane. Ban manta kogin Kwara ba don na daɗe a nan. Farin ruwa na damina ba ya taɓa hanyar maƙabarta, baƙin ruwa ne mai zuwa da sanyi yake yanke ta, shi ma sai can cikin Janairu. To wannan ya yi mini daidai. Wasanninmu suna farawa a Satumba su ƙare tsakiyar Disamba. Kafin ƙarshen Disamba ina Wara, da yardar Allah, mu tafi da ƙafarmu kamar yadda ta ce. Dam kuwa, tun ina makaranta ake cewa baɗi. Ko sun rufe shi, tafki irin wannan ba ya cika a shekara guda, na karanta wannan a aji.

Yanzu ba ni da halin motsi. Mu shida ne masu cafewa a sansanin nan, huɗu za a riƙe. Akwai wani sabon yaro da ya fi ni tsawo, kuma gudunmu ɗaya. Wanda ya yi fashin kwana biyu, ya tarar da kayansa a ƙofa. Wannan shekarata ta uku, ita ce za ta nuna ko ina ciki ko na fita.

Ka riƙe ƙafafun nan da kyau, tsoho. Akwai tafiya a gabansu.

Jikanka,
Jabiru


Wara
Juma'a, 6 ga Satumba, 1968

Jabiru,

Yau Juma'a, ban je masallaci ba. Jiki ba daɗi, amma ba shi ne ya hana ni ba. Takardarka ce, jiya ta iso, ta yi kwana ashirin da biyar a hanya saboda yaƙin nan.

Baƙon ruwa na rubuta. BAƘO, wanda ke zuwa gidan mutum. Ba baƙin ruwa ba. O ne, Jabiru, ba I ba.

Da na karanta amsarka na ce yaron nan ya manta karatu. Na ɗauko kwafin da na ajiye, don ka san ba na aika takarda ban sa kabon a ƙarƙashi ba. Na kai shi hasken ƙofa. Kai ka fi ni gaskiya. Hannuna ya yi rawa, cikin harafin bai buɗe ba, ya tsaya kamar sanda. Shekara talatin da ɗaya ina dukan yara a kan su zagaye O ɗinsu.

Kuma laifina biyu ne, don ba ka nan aka raɗa sunan. Mutanen gungu ne suka sa wa ruwan dam baƙon ruwa, saboda ba farin ba ne, ba baƙin ba ne, ba mu san shi ba. An rufe ƙofofin dam tun farkon Agusta. Abin da ka karanta a aji bai zo nan ba. Farin ruwa ya sauko ya tarar da hanya a toshe, yana ta hawa.

Maliki yana kafa kara a bakin ruwa kowace safiya, kashegari ya tarar da shi a ciki. Gonakin albasa sun tafi. Na ce masa, "Maliki, kwana nawa kafin ya kai giginya?" Ya ce, "Malam, ni masunci ne, ba injiniya ba." Na ce, "Injiniyan yana Amirka yana cafe gwanda. Kai nake tambaya." Ya ce, "In ya ci gaba haka, arba'in. Ruwan ga ba shi da niyyar komawa."

Kwana arba'in. In takardar nan ta same ka cikin ashirin da biyar, kana da sha biyar. Jirgin sama zuwa Kano, mota zuwa Kontagora, lori zuwa nan. Na lissafa, kwana biyar ya ishe ka. Ka je wa maigidanka da takardar nan, ka ce masa uwa ce. Shi ma ai wata ta haife shi.

Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe inda ya kamata, na kuma ba malamin asibiti ya karanta mini da ƙarfi, don in tabbata abin da na rubuta shi ne a takardar.

KA TASO YANZU.

Shu'aibu


Wara
Juma'a, 18 ga Oktoba, 1968

Jabiru,

Yau Juma'a. Zazzaɓi nake yi tun Talata, ina kwance nake rubutu, allo a kan gwiwa.

Kwana arba'in da biyu, ba kai, ba takarda, ba waya. Tun daga ƙarshen Satumba Hansatu take zuwa tasha duk ranar da lori zai shigo. Har yaran mota sun san ta, suna ce mata, "Yau ma Ba'amirken bai sauka ba." Na yi maka uzuri iri-iri. Na ce yaƙi ne. Na ce ko an karya ka a filin nan. Yanzu uzurin ya ƙare mini. In ka karanta ka zaɓi aikinka, ka faɗa mini da hannunka. Na fi son wannan da shiru.

Ranar Litinin Maliki ya zo ya ce, "Malam, in za ka, yau ne." Ya ɗauke ni kamar buhu ya sa a kwalekwale. Mun bi ta kan kasuwar gungu. Mun bi ta kan makarantata, ina ganin tsinin rufinta a ƙarƙashinmu. A gangare ya daina tuƙi, ya sauko da ni. Ruwan ya kai mini idon sawu.

Na sami wurin. Taku bakwai daga gindin giginya, wajen gabas. Tudun kabarin yana nan, ina jin sa da tafin ƙafa, amma ba na ganin sa. Na tsaya a gefensa na yi mata addu'a. Sannan na ce, "Tamada, ni ne. Ni kaɗai ne. Yaron bai ƙi ba, ni ne ban zagaye harafi ba." Ban san ko gaskiya na faɗa mata ba. Kai kaɗai ka sani.

Maliki ya ce in fito, sanyi zai kama ni. Na ce ya bar ni. Kafin in yarda ya ɗauke ni, ruwan ya wuce inda ya same ni da yatsa biyu, na gani a wandona.

Jiya ya koma shi kaɗai. Ya ce gora mai tsawon mutum biyu ba ta taɓa ƙasa ba. Giginyar ce kawai a waje.

Alkawarin da na ɗauka ya nutse a hannuna. Ban san me zan ce mata ba in mun haɗu, kuma yadda nake jin ƙirjin nan, ba da daɗewa ba ne.

Shu'aibu


Amirka, gaɓar yamma
Talata, 19 ga Nuwamba, 1968

Kaka,

Takardunka biyu yau suka same ni, tare, a ɗaure da roba guda. Na fara buɗe ta Oktoba. Ban gane komai ba sai da na buɗe ta Satumba.

Ban zaɓi komai ba, Kaka. Ban sani ba. Ranar huɗu ga Satumba, kwana biyu kafin ka rubuta, aka kira ni ofis aka ce an sayar da ni ga wata ƙungiya. Haka suke faɗi a nan. Sabon yaron ne ya zauna. Aka ba ni tikiti da kwana ɗaya in haɗa kaya, na tsallaka ƙasar nan daga wannan gefe zuwa wancan. Na rubuta maka sabon adireshi a makon, ashe ba ta isa ba. Takardunka suka je tsohon masauki suka zauna a akwatin matar gidan, sai da wani abokina ya gan su.

Ranar da kake tsaye cikin ruwa, na duba, kashegarin wasanmu na biyar ne. Na cafe bakwai a wasan nan, biyu har cikin gidan abokan karawarmu, wato ci biyu. Ban taɓa yin irinsa ba. Ranar Litinin ɗin ina yanke hotona daga jarida don in aiko maka.

Abin da ka faɗa mata gaskiya ne. Amma ba harafinka ba ne kaɗai. Shekara uku ina da Janairu, ina da Fabrairu, har Yuni. Ba wanda ya riƙe ni. Kuma da na ga kalmar nan ba ta fita sosai ba, na karanta ta yadda ta yi mini daɗi.

Na je wurin mai horar da mu da takardar. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "In ka tafi yau, za ka same shi a waje?" Na ce a'a. Ya ce, "To saura wasa huɗu. In ka tafi, kada ka dawo." Na fita na koma filin horo.

Akwai kuma gwiwa. Wani ya shigo mini ta gefe ranar Lahadi, na ji ƙara. Suna ɗaure ta su yi mini allura in shiga. Likita yana so ya yanka da zarar an tashi wasa, ya ce in na jinkirta ba zan sake gudu ba. Na ce masa sai na dawo.

Zan iso Wara ranar Juma'a, 10 ga Janairu, ko da sanda ne. Na rubuta kwanan da lamba da kuma baƙaƙe: goma ga Janairu. Ka ce giginyar tana waje. Ka kai ni kanta. Ba ta ce sai ƙasa ta bushe ba, cewa ta yi ka kai ni. Ka jira ni, abokina. Kada ka yi mini wayo ka riga ni tafiya.

Jabiru


Wara
Asabar, 11 ga Janairu, 1969

Zuwa ga jikana Jabiru,

Yau Asabar. Numfashi gajere ne, a zaune nake kwana. Azumin bana ban samu ko ɗaya ba. Amma kai garau yake, hannun kuma yau ya ɗan yi mini biyayya.

Takardarka ta iso bayan Sallah. Na janye abin da na rubuta a Oktoba, ka yafe wa tsoho. Abu ɗaya kawai: kada ka sake rubuta mini an sayar da kai. Kakata ta san abin da kalmar nan take nufi, da igiya aka kawo ta bakin kogin nan. Ka nemo wata kalma.

Giginyar ta mutu. Ganyen ya bushe, ya zube, saura kututture kamar tsawon hannu, Maliki ya ce iska ɗaya ce ta rage masa. Da na ji haka sai na tuna bayanin aikinka. Na ce wa Maliki ya kai ni. Ya ce, "Malam, Hansatu za ta kashe ni." Na ce, "In ka ƙi, ni zan riga ta." Sau uku muka je cikin sati biyu, yana tuƙi ina ƙidaya, har lissafin ya zo daidai sau biyu a jere. Na nemi alamomin da ruwa ba zai ci ba. Ga hanyarka, ka karanta a hankali, na zagaye kowane harafi.

Ka tashi daga mashigar Wara da safe, kafin iska ta motsa. Ka sa masallacin Juma'a a bayanka sosai. Ka fuskanci tsagar da ke tsakanin duwatsu biyun nan na ƙetare. Kada ka bar ta. Bugun filafili ɗari shida da arba'in, irin tuƙin Maliki. In kai ne da kanka, ka rage, ka fi shi ƙarfi. Ka riƙa duban hagu. Akwai kuka guda a kan tudu, ita kaɗai. In ta zo daidai da farin dutsen da ke bayanta har ta rufe shi, ka tsaya.

Daga nan ka karya dama. Goma sha biyu. Da lissafin ya fito haka na yi dariya har tari ya sarƙe ni, Maliki ya ɗauka tafiya ce ta zo.

Ba za ka ga komai ba a wurin. Ruwa ne kawai, irin na ko'ina. Amma kai ka ce mini aikinka ke nan, ka isa wurin da babu komai ka miƙa hannu. In ka ƙidaya daidai, tana ƙarƙashinka.

Ta ce kada in yi maka kwatance. Na sani. Wannan kuma ni da ita ne, zan yi mata bayani. Na ba Maliki kwafi, na sa ɗaya a cikin akwatin littattafai, akwatin naka ne.

Game da gwiwa, in likita ya riƙe ka, ka bari ya yi aikinsa. Ruwan ba ya zuwa ko'ina yanzu.

Kakanka kuma abokinka,
Shu'aibu

Ƙari. Jiya Maliki ya kai ni tasha a kan keke, na sa farar rigata. Hansatu ta yi miyar kifi da shinkafa, ta share ɗaki, ta aro katifa. Lori uku suka shigo daga Kontagora. A na ƙarshe wani dogo ya sauko yana ɗingishi, na miƙe tsaye ba tare da an riƙe ni ba. Soja ne ya dawo hutu. Mun jira har aka kira magariba. Ba ka zo ba. Na ce wa Hansatu ta bar katifar inda take.